Ƙusar Bindiga Mai Karkace: Yadda Ake Zaɓenta Don Katakon Adon Cikin Ɗaki

Shekarun baya na samu aikin gefen ƙofofi da konis a wani gida da ake gamawa a Fadaman Mada, nan cikin garin Bauchi. Lokacin ban daɗe da sayen wata bindigar ƙusa ta hannu ba, irin wadda gidan ƙusarta ya karkace ya ɗaga sama. Ƙusar da ta zo da ita ta ƙare a rana ta biyu. Na buga wa wani mai sayar da kayan aiki waya a Kano na ce ya aiko mini da mai karkace, inci 2, kwali guda. Washegari yaron shagona ya karɓo saƙon a tasha. Na zura jeren ƙusa ɗaya, ya shiga da ƙyar. Harbin farko ƙusa ta fita lafiya, na biyu ta fito a lanƙwashe ta ɓantare bakin katakon, na uku bindiga ta cije. Muka buɗe hancinta muka tarar da ƙusa biyu sun hau kan juna. Da na sake kiran mutumin sai ya ce, "Haba Malam, ai mai karkace ka ce, inci biyu, kuma ita na aiko." Da gaskiyarsa. Karkacewar ce ba iri ɗaya ba ce, ni kuma ban gaya masa wacce ba. Kwalin nan har yau yana ƙarƙashin bencina, kullum ina ganinsa.

Abin da nake nufi da katakon ado shi ne duk siririn katakon da ake bugawa daga ƙarshe don ya rufe tsaga ya kuma ƙawata ɗaki: na gefen firam ɗin ƙofa da taga, sikatin na ƙasan bango, konis na kusurwar silin, bakin wadrob da kabad na kicin, falankin da ake yi wa bangon talabijin. Wannan aiki ba ya son ƙusar guduma mai faffaɗan kai. Yana son siririya mai ƙaramin kai wadda za ta nutse a rufe raminta, mai gida ya zo yana shafawa bai ga inda ta shiga ba.

Da farko, a gane abin da ya karkace

Yara masu koyo da yawa suna zaton ƙusar ce ke shiga katako a karkace. A'a. Kowace ƙusa miƙaƙƙiya ce sak, kuma a miƙe take shiga in ka riƙe bindiga daidai. Jeren ne aka manna su hawa-hawa kamar matakala, kowace ta ɗan ɗara ta gabanta, saboda gidan ƙusar bindigar ya ɗaga sama ya ba hancinta wuri. Amfaninsa yana fitowa ne a lungu. Ka ɗauki bindiga mai miƙaƙƙen gida ka nufi kusurwar da silin ya haɗu da bango biyu, za ka ga gindin gidan ya riga hancin taɓa bango, sai ka yi ta murɗa wuyan hannu. Mai karkace kuwa shigewa take yi abinta. Haka a cikin wadrob da ƙarƙashin matakala. In aikinka duk a kan benci ne, fili a buɗe, ba ka da wata buƙatar biyan kuɗin karkace.

Mataki na farko: tambayi bindigarka

Ba kai ke zaɓen kusurwa ba, bindiga ce ke zaɓa. Iri uku ne za ka fi cin karo da su, kuma babu wanda ke aiki lafiya a gidan ɗan'uwansa.

Akwai wadda ake rubuta wa DA. Kaurinta geji 15 ne (geji shi ne ma'aunin kaurin ƙusa), jerenta ya karkace da digiri 34, wasu kwalaye za ka ga an sa 33. Asalin wannan salo na kamfanin Senco ne na Amurka, kuma shi ya fi yaɗuwa: yawancin bindigogin geji 15 na DeWalt da Milwaukee da Hitachi shi suke ci. Kan ƙusar kamar da'ira yake wadda aka shafce gefe ɗaya.

Akwai FN, ita ma geji 15, amma digiri 25. Salon Bostitch ne, kanta kuma ya fi kama da ɗan murabba'i mai tsawo. Ita ce aka aiko mini daga Kano alhali bindigata DA take ci. Kaurinsu ɗaya, tsayinsu ɗaya, a ido daga nesa ba ka bambance su, amma wannan ratar ta digiri 9 ta isa ta sa harshen bindiga, wato ƙarfen da ke tura ƙusar, ya buge ta a gefen kai maimakon tsakiya. In ka yi ta tilasta mata, harshen ne zai cinye, kuma neman wani harshen a nan aiki ne ja.

Ta uku geji 16 ce mai digiri 20. Ita Paslode ke amfani da ita a bindigarsa mai gas, haka DeWalt a mai batir lamba DCN660. Kada ka haɗa ta da geji 16 miƙaƙƙiya, wadda muka saba gani da sunan T50 ko T64. Kauri ɗaya ne, jeren ne daban.

Duba jikin gidan ƙusar, galibi an buga rubutun a nan: geji, digiri, da mafi gajarta da mafi tsayin ƙusar da take ɗauka. Matsalar ita ce yawancinmu na hannu muke saye, takardar jiki ta goge, littafin kuma an bar shi a Turai. In lambar bindigar tana nan, sa ta a waya ka bincika a intanet, minti biyu ya isa. In akwai ragowar jeren da ka tabbata tana ci lafiya, to ka samu ma'auni: ajiye shi kamar kuɗi, kada a harbe shi. Duk ranar da za ka saye, ɗora shi a kan sabon ka ga ko kawunansu sun bi layi ɗaya.

Ga wata dabara ga wanda ba shi da abin auna kusurwa. Samu farar takarda da tef. Ja layi a kwance mai tsawon santimita 10. Daga ƙarshensa na dama ja wani ya miƙe sama. A kan na tsayen sa ɗigo uku: a santimita 3.6, a 4.7, da 6.7. Haɗa kowane ɗigo da farkon layin kwancen. Na ƙasa shi ne digiri 20, na tsakiya 25, na sama 34. Kwantar da jeren ƙusa a kai yadda jikin ƙusoshin zai bi layin tsaye, sai ka ga wane layi kawunansu suka bi. Ni a jikin wani guntun filawud na zana nawa, na rataye shi kusa da ƙofar shago. In saƙo za ka yi daga Kano ko Jos, kada ka tsaya a kan baki. Ɗauki hoton rubutun bindigarka ka tura, shi ma ya turo maka hoton kwalin kafin ka biya.

Mataki na biyu: kauri

Lissafin geji a juye yake, lamba na hawa ƙusa na sirancewa. Geji 15 ta kai kusan milimita 1.8, geji 16 kusan 1.6, geji 18 wajen 1.2. Wannan ta ƙarshen ita ce ƙusar F30 da F50 da ke kusan kowane shagon kujeru, kuma miƙaƙƙen jere take zuwa.

Bambancin 15 da 16 a takarda ba komai ba ne, a katako ne yake nuna kansa. Geji 15 ta fi riƙo, ta fi jure katako mai tauri ba tare da ta lanƙwashe ba, raminta kuma ya fi girma. Ita nake ɗauka in zan kafa firam ɗin ƙofa na katako a jikin katakon da aka riga aka ɗaure, ko faffaɗan konis mai nauyi, ko gefen matakala, duk abin da kaurinsa ya kai milimita 18 ya yi sama. Geji 16 ita ce 'yar tsaka-tsaki: gefen ƙofa, sikatin, falankin bango. In bindiga ɗaya mai karkace kuɗinka zai iya saye, kuma aikinka ya fi yawa a kan ado marar nauyi, ina ganin 16 za ta fi yi maka hidima. In ƙofofi ne abincinka, ɗauki 15.

Akwai wurin da duk biyun ba su da aiki. Siririn katako da bai kai milimita 10 ba, ɗan bakin da ke riƙe gilashi, ko haɗin kusurwar da aka yanka digiri 45, in ka sa masa geji 15 tsagewa zai yi kana kallo. Nan gam da geji 18 ake so. Shi ya sa a aikin ƙofa ɗaya nakan ajiye bindiga biyu a gefena: ƙarama tana kama siririn bakin da ya hau kan firam, babba tana kama kaurin bakin waje.

Mataki na uku: me ke bayan katakon?

Nan ne mutanenmu suka fi faɗawa rami, kuma ba laifinsu ba ne. Ka kalli bidiyon kafintocin Amurka, za ka ji suna cewa inci 2 ko 2 da rabi ake sa wa sikatin da gefen ƙofa. Daidai ne a gidajensu. Bangonsu katako ne a tsaye, ana jera shi kowane inci 16, a rufe shi da allon jibsam mai kaurin rabin inci. Ƙusa za ta ratsa adon, ta ratsa allon da ba ya riƙe komai, sannan ta kama katakon ciki da kamar inci guda. Tsayin nan duk yana da inda za shi.

Mu kuwa bulo ne da filastar siminti. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Wannan ƙusa waya ce mai laushi, ba a ƙera ta don siminti ba. Ka harba ta a bulo, ɗaya daga cikin uku zai faru: ta tsaya da kai a waje, ta naɗe a bayan katakon ta tura shi gaba, ko ta juyo kamar ƙugiya ta fito ta fuskar adon, wataƙila ta inda yatsanka yake. Wani lokaci a bulo mai yawan yashi za ta shige, ka ɗauka ta kama. Ja katakon da hannu ka gani.

Saboda haka kafin ka yi maganar tsayi, zagaya ɗakin ka raba aikin gida biyu: inda katako zai hau katako, da inda katako zai hau siminti. Na farkon shi ne gonar ƙusa mai karkace. Firam ɗin ƙofa na katako, tubaitu na silin (katakon nan mai inci 2 ta kowane gefe), jikin wadrob, ƙashin da aka yi wa falankin bango. Na biyun sai ka yi masa ɗaya daga cikin hanya biyu. Ko dai ka bi da gam mai ƙarfi da ƙusar siminti irin ta bindigar ST64, wadda ƙarfenta mai tauri ne amma raminta babba ne, tana kuma iya ɓarke filasta. Ko kuma ka fara ɗaure ɓoyayyen katako a bango da injin huda, fisha (robar da ake cusawa a ramin don sukuru ya kama) da sukuru, sannan ka harba adon a kansa. Ta biyun ta fi cin lokaci, ita ce kuma aikin da nake iya sa sunana a kai. In an kira ka tun kafin a yi filasta, roƙi magini ya bar maka wurin, a kafa katakon a yi filasta daidai da fuskarsa. A shafa masa maganin gara tukuna, don da zarar an rufe shi ba mai sake ganinsa.

Yanzu ga lissafin. Auna kaurin adon a daidai wurin da ƙusa za ta shiga, ba a inda ya fi kauri ba. Auna kaurin katakon da ke baya. Ƙusa tana son ta kama na bayan da milimita 20 zuwa 25 in akwai wurin, amma ko ta halin ƙaƙa kada tsayinta ya kai jimillar biyun in siminti ne a bayansu. Ka tuna kuma kanta zai nutse da kamar milimita 1, wannan ma ƙari ne ga zurfin da tsininta zai kai. Misali, sikatin mai kaurin 15 a kan ɓoyayyen katako mai kaurin 20: jimilla 35, ƙusarka 32 ce, wato inci 1 da kwata, wadda ita ce mafi gajarta a yawancin waɗannan bindigogi. Ka sa 50 a wurin, ka sayi rigima. In konis ne mai kaurin 18 zai hau tubaitu, akwai wurin shiga sosai, 45 ko 50 ta yi. In faffaɗan konis ne da ya tsallake kusurwa ya bar rami a bayansa, sai ka ƙara faɗin ramin a lissafi, nan ne 64 ke samun aiki. Ni a irin wannan na fi son in yanka 'yan katako masu kusurwa uku in ɗaure su a lungun, konis ya samu abin jingina, ƙusa ta samu abin kamawa kusa.

Tsayin da za ka gani a kwali, a milimita, su ne 32, 38, 45, 50 da 64, wasu suna rubuta 63. A inci: 1 da kwata, 1 da rabi, 1 da kwata uku, 2, da 2 da rabi. A aikin gidajenmu 38 da 50 su suka fi ƙarewa a shagona. Kwalin 64 yakan shekara.

Doguwar ƙusa tana da wani aibu ko da a katako ne. Duk yadda ta ƙara tsawo, haka take ƙara samun damar bin jijiyar katako ta kauce hanya. Ga kuma abin da ke cikin bango: makunnin wuta kusan kullum a gefen ƙofa yake, bututun wayarsa yana kwance a cikin filasta, wani lokaci dab da fuska. A bangon da ke jingine da banɗaki ko kicin akwai bututun ruwa. Tambayi mai wayarin da mai famfo inda suka bi kafin ka huda ko ka harba.

Mataki na huɗu: irin katakon, da maganar tsatsa

Je kasuwar katako ta Muda Lawal ka ga abin da muke aiki da shi: malaina da sauran fararen katako masu laushi, maɗaci, loko, doka, ga allunan MDF (na matsattsen garin katako) da filawud. Kowanne da halinsa a gaban ƙusa. Mai laushi ba ya gardama, sai dai ƙusa ba ta riƙe shi sosai kuma bindiga na iya nutsar da kai fiye da kima, saboda haka a rage iska a ƙara gam. Maɗaci jijiyarsa a sarƙe take, tana karkatar da siririyar ƙusa, nan geji 15 ta fi tsayawa a kan hanya. Loko yakan ɓoye wani abu kamar dutse a cikinsa, wanda ke dakushe zarto, ƙusa ma in ta ci karo da shi naɗewa take yi. Irin su ƙirya kuwa, in sun bushe, kada ka wahalar da bindiga: huda da siririn ƙarfe ka sa sukuru. MDF a fuska yana karɓar ƙusa, a gefe kuwa buɗewa yake yi kamar littafi, kuma geji 15 tana tayar masa da ƙullutu kewaye da ramin, wanda sai ka bi da samfefa kafin fenti. A kansa 16 ko 18 ta fi, a nisanci ƙarshe da santimita 5.

Sai rufin jikin ƙusar. Akwai tsurar ƙarfe mai sheƙi, akwai mai ruwan tutiya, akwai sitenles wadda ba ta tsatsa. Mutum zai ce ai mu nan busasshiyar ƙasa ce, ina ruwanmu da tsatsa. Ya manta watan Agusta, lokacin da ƙofofi ke kumbura su ƙi rufuwa. Ya manta sabon gini, wanda filastarsa ke fitar da danshi watanni. Ya manta matar gida da ke wanke tayil kullum ruwa na taɓa gindin sikatin. Ƙarfe in ya haɗu da danshi a cikin katako mai ɗaci yana fitar da baƙin tabo kewaye da rami, ya ratso fenti, banish kuma ba ya ɓoye shi. Ni na daina sayen tsurar ƙarfe gaba ɗaya, ratar kuɗinta da mai tutiya ba ta kai ta dawowa gyara ba. Ƙofar banɗaki, kicin, baranda, wurin alwala a masallaci, waɗannan na sitenles ne in an samu. Ta fi tsada kuma ta ɗan fi laushi, a katako mai tauri sai ka zaɓi gajeriya.

Wata magana da ba ta ƙusa ba ce amma a kan ƙusa ake ɗora laifinta: ɗanyen katako. An sauke shi daga mota jiya, an feƙe yau, an buga gobe. Hunturu ya shigo a Disamba, iska ta tsotse shi, kusurwar da ka haɗa ta buɗe baki har a iya zura tsinken ashana. Babu gejin da zai hana wannan. Kai katakon ɗakin da za a buga shi, jera shi da 'yan sanduna a tsakani, ya yi mako ɗaya ko biyu. In Alhaji ya ce sauri yake yi za a kawo amarya, gaya masa abin da zai biyo baya tun yanzu, a gaban shaida.

Mataki na biyar: a wurin saye

Buɗe kwali. Mai shagon da ya hana ka buɗewa, ka san dalilinsa. Zaro jere daga tsakiya, ba na sama ba. Kawunan su zama sun bi layi ɗaya, babu wadda ta leƙo. Gam ko siririn tef ɗin da ya haɗa su ya zama shafe-shafe ne, ba dunƙule ba, domin dunƙulen gam ne ke taruwa a hancin bindiga ya sa ta cije. Ɗan lanƙwasa jeren a hankali: in ya wargaje nan take, ya sha rana ko ya tsufa. In ka ga ja-ja a tsininsu, ruwa ya taɓa kwalin. Ƙwace ɗaya ka lanƙwasa da filaya, wadda ta bi hannunka kamar wayar ɗaurin rodi ba za ta shiga maɗaci ba. Araha ba ta ado.

Kwalaye suna zuwa manya da ƙanana, akwai na 1,000, akwai na 4,000. Sabon suna da ba ka taɓa gwadawa ba, fara da ƙarami. Wanda bindigarka ta karɓa kuwa saye da yawa, don yau akwai gobe babu. Kada ka bar kwali a but ɗin mota a zafin Maris da Afrilu, kada kuma ka zuba jeren tsirara a akwatin kayan aiki guduma na dukansu. Guntayen jere su ne rabin cijewar da ake zagin bindiga a kai.

Mai niyyar sayen bindigar ma ya fara tambayar ƙusarta kafin ya biya. Na ga wanda ya samu mai gas a araha, ya kawo ta gida, ta zama abin kallo, don ba ƙusar digiri 20 ba gwangwanin gas ɗin a kusa. Gwangwanin ma yana da ranar lalacewa a rubuce a jikinsa. Mai batir ta fi nauyi a hannu, amma a gidan da ba a ja wuta ba tana raba ka da ɗaukar kwamfuresa da janareta.

Mataki na shida: gwada a guntu

Kada harbinka na farko ya zama a kan kayan mutane. Ɗauki guntun adon, ɗora shi a kan guntun irin katakon da zai hau. Bindigogin nan masu iska suna aiki ne da ƙarfin iska tsakanin 70 da 120 a ma'aunin psi. Fara daga wajen 80, harba, shafa da yatsa. Kai ya nutse da kamar milimita 1, shi ke nan. In ya tsaya a waje, juya 'yar dabaran zurfi da ke kusa da hanci kafin ka taɓa iska. In hancin yana barin tambari a katako, duba ko robar bakinsa ta faɗi, ka kuma rage dannawa. Wadda ta tsaya a waje a kan aiki, kada ka bi ta da fuskar guduma, sa ɗan ƙarfen nutsar da ƙusa. Wadda ta lanƙwashe ta leƙo ta gefe, kama ta da filaya ka yi ta kaɗawa har ta karye a ciki, ko ka ja ta ta baya. Ja da ita ta fuska ɓarna ce.

Kalli tsinin ƙusarka da kyau. Galibi ba kamar allura yake ba, an fere shi ne ta gefe biyu kamar kurfi, kuma ta waɗannan gefen take kaucewa, wato hagu ko dama da bindigar. Saboda haka in kana harbi kusa da bakin katako, kamar cikin siririn gefen firam, riƙe bindigar ta gitta bakin, kada ta kwanta tare da shi. In ƙusa ta kauce sai ta bi tsawon katakon a ciki inda ba mai gani. Yarona sai da ya fasa firam biyu kafin wannan ya zauna masa. Na ce, "Kai, juya ta mana." Ya ce, "Oga, ai a haka ta fi daɗin riƙo." Na ce daɗin riƙon ne za mu biya da kuɗin katako.

Tazarar santimita 30 zuwa 40 tsakanin ƙusa da ƙusa ta isa, a bar aƙalla santimita 3 daga ƙarshe. Ƙusa ba ta miƙar da katakon da ya kangare, in ka ga kana jera biyar wuri ɗaya, cire katakon ka sauya. A inda abin kamawa ba shi da kauri, harba biyu kusa da juna, ɗaya ta karkata hagu ɗaya dama, sai su riƙe kamar almakashi har gam ya bushe.

Hannun da ke dafe katako ya yi nesa da hanci fiye da tsawon ƙusar sau biyu. Sa tabarau, kada garin neman gira a rasa ido. Cire tiyo ko batir kafin ka buɗe hanci, kuma kada ka hau tsani da yatsa a kan kunama. Wani abin da na taɓa jin ana shawara a kai ranar da ba wuta: a jona bindiga da tukunyar iskar masu walda. Kada ka kuskura, iskar oksijin da man da ke cikin bindiga fashewa suke yi. Ɗigo biyu ko uku na man bindiga a bakin tiyo kowace safiya in irin mai shan mai ce, a kuma zubar da ruwan tankin kwamfuresa kowace yamma, musamman da damina, in ba haka ba ruwan zai biyo tiyo ya shiga cikinta.

Saura rufe rami. In fenti za a yi, cika shi da abin cike rami ya ɗan tasa, ya bushe, bi da samfefa. In banish ne, dabararmu ta garin katako da gam ɗin Top Bond tana da illa: wurin yakan yi duhu ko ya ƙi shan launi, sai ramukan su fito layi-layi kamar zanen fuska. Shafa banish hannu ɗaya tukuna, ka ga ainihin launin da katakon ya ɗauka, sannan ka haɗa abin cikewa daidai da shi. Tun wajen harbi ma nemi inda jijiyar ta fi duhu ko cikin kwarin ado ka sa ƙusar a nan. Da ka gama, rufe taga, kunna tocila ka kwantar da haskenta a jikin katakon, ka bi shi daga wannan kusurwa zuwa waccan da ɗan ƙarfen nutsarwa a ɗaya hannun.